Ƙarfen da Ya Faɗo Gonar Baba Tsoho

Duk sanda na wuce rumfar mai walda, ƙaurin ƙarfen da ya sha wuta sai ya mayar da ni ƙauyenmu na gefen Gwiwa, ina 'yar shekara tara.

Lokacin girbi ne, kara ya bushe ƙayau. Muna tsakar gida ni da Inna muna ɓarar gyaɗa bayan azahar, sai wani haske ya tsaga sama. Can kuma ƙara ta biyo baya, har ƙasa ta zubo daga rufin ɗaki, kaji suka watse. Ba mu gama salati ba maƙwabcinmu ya leƙo yana haki, ya ce hayaƙi na tashi daga gonar kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho. Shi kuwa tun hantsi yana can shi kaɗai.

Inna ta fita ko takalmi babu, na bi ta. Ba ta yi kuka ba, sunan Allah kawai take kira, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Mun same shi da ransa, gefen rigarsa ya babbake, yana dukan wutar kara da reshen darbejiya. Taku goma daga inda yake ɗaurin dami, wani baƙin ƙarfe mai girman turmi ya nutse cikin ƙasa, yana huci.

"Kada wanda ya matso!" in ji shi. Ban taɓa jin muryarsa na rawa ba sai ranar.

Washegari Kawu, mai koyar da kimiyya a Kazaure, ya iso a babur. Ya durƙusa ya gaishe da Baba Tsoho, sannan ya je ya duba abin.

"Baba, guntun tauraron ɗan'adam ne da ya fashe. Can sama babu iska, babu abin da zai rage wa tarkace gudu. Haka za su yi ta zagaya duniya, sun fi harsashi sauri, har wani ya faɗo."

Baba Tsoho ya ɗaga kai ya dubi sama.

"To, sauran fa?"

"Suna can, Baba."

Yau Baba Tsoho ya kwanta dama, gonar ta zama gidaje. 'Yata kan nuna mini a waya yadda taurarin nan suka cika sama, tana ta murna. Ba na hana ta. Amma idan yara suka daɗe a waje, sauran iyaye hanya suke dubawa, ni kuwa sai in tsinci kaina na ɗaga kai.