Yankan Mangwaro a Hannunta

Tana tsaye gaban mai kayan marmari, mace mai jiki, wataƙila ta haura arba'in. Kwandonta cike da shinkafa da burodi na mutanen gida, sai kabeji da ƙwai a gefe, da alama nata ne. Takardar asibiti ta jiƙe da gumi a tafinta.

Mai kayan ya miƙo mata yankan mangwaro. "Ɗanɗana mana, yaya."

Har ta kai baki kafin ta tuna, sai ta ƙame.

"Ciwon suga gare ni," ta ce. "Shekaranjiya aka gaya mini. Shi ya cinye ƙafar babarmu."

Ruwan mangwaron na gangarowa gwiwar hannunta. Ta kasa sha, ta kasa yarwa.