Baba Fensir da Alƙalamin Auta

A sashen nazarin halittu na jami'a, da an ambaci Baba Fensir sai a tuna ranar da makin ɗalibai arba'in da ɗaya ya narke a tafki, shi kuma mai makin yana zaune cikin taɓo har ƙugu.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana koyar da rayuwar halittun tafki da rafi. Ranar farko ta kowane zango sai ya gyara tabarau ya raba maki a allo: sittin na jarrabawa, goma na halartar aji, talatin na aikin bakin ruwa. Daga nan ya ɗaga yatsa.

"Littafin aikinku da fensir za ku rubuta shi. Wanda ya kawo mini tawada, sifili. Ruwa ba ya raga wa tawada."

Nan ya samo sunan. Fensir a bayan kunne, fensir a aljihu, har matarsa ta gaji da tsintar guntayensu a kayan wanki.

Autarsa ce ta ja masa. Da ta fara aiki sai ta kawo masa alƙalamin tawada mai ruwan zinariya. "Baba, ka daina yawo kamar ɗan firamare," in ji ta. Ya yi ta juya shi a hannu, baki har kunne. Ranar gwajin bakin ruwa ya soke shi a aljihun gaba, a ransa yana cewa sau ɗaya dai ba komai.

Ɗalibai suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ja ƙaramar koma, ya juye a farin faranti, ya faɗi sunan abin da ke motsi: wannan tsutsar mazari ce, wannan dodon koɗi. Baba ya faɗi maki da ƙarfi kamar yadda ya saba, ya rubuta a takardar maki da sabon alƙalamin. An zo kan na ƙarshe sai wata ɗaliba ta ƙwala kira, "Malam, zo ka ga wani abu!" Ya taka, taɓo ya riƙe takalmin roba, ƙafa ta fita ita kaɗai. Tsulum!

Aka ciro shi, aka ciro takardar. Shuɗiya fes, ko lamba ɗaya babu.

Masu dariya suka daina. Jibi ne ranar miƙa maki, kuma ’yan shekarar ƙarshe ne; in babu talatin ɗin nan, ba mai fita bana. Baba ya zauna kan dutse, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana lissafin da wane ido zai kalli shugaban sashe.

Sai ga Anti Kwalba, mai kula da ɗakin gwaji, wadda ta yi shekaru tana bin sa da kwalaben ɗibar ruwa. Ta miƙo masa murfin kwali. Sunaye arba'in da ɗaya, kowanne da makinsa, da fensir.

"Duk abin da ka faɗa ina rubutawa, ranka ya daɗe," ta ce. "Tun da safe na hango abin nan yana ƙyalli a aljihunka, na ce yau akwai magana."

Ɗalibin ƙarshe a nan take aka yi masa nasa, Baba na tsaye da takalmi ɗaya.

Alƙalamin yana nan a gida, da shi yake sa hannu a katin gaisuwa. Har yau in matarsa na son tsokana sai ta ce, "Malam, wai kai sifili nawa ka ba kanka ranar?"

Sai ya gyara fensirin bayan kunne ya ce, "Ke ba ki san koyarwa ba. Shekara ashirin ina faɗa da baki ba su yarda ba, shi ne na shiga na nuna musu."