Bencin Baƙi

Shekara ashirin da shida ta yi tana tsayuwa a ƙofar cocin nan, har sunanta na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Maman Ƙofa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana can wata uwa duniya. Wanki da guga take yi a ɗakinta na haya. Ranar Lahadi kuwa, tun ba a buɗe tagogi ba ta goge bencin baya, wanda ta keɓe wa baƙi, ta jera littattafan waƙa a kai. Baƙo bai isa ya shigo ya fita ba ta ji inda yake zaune ba.

Ido gare ta, ga baki. Duk wanda ya yi fashin Lahadi biyu, ranar Litinin zai gan ta a ƙofarsa da kwano a hannu, tana yi masa faɗa tana zuba masa abinci. Daga nan ta sanar da shugabar mata, shugabar ta tara mata a je gaisuwa, fasto ya biyo baya. Haka abin yake tafiya, ba wanda ya taɓa rubuta shi. Takan ce wanda sai da ya aika aka zo duba shi, ba a duba shi ba, kira aka amsa.

Ran nan da hantsi tana guga, dutsen ya suɓuce mata, ɓarin jikinta na dama ya mutu. Maƙwabciyarta mai sayar da gawayi, wadda ko hanyar cocin ba ta sani ba, ita ta kai ta asibiti ta dawo da ita, ita ke juya ta tana ba ta abinci a baki. Ta ce bari ta je ta gaya wa mutanenta na coci. Maman Ƙofa ta hana. Lahadi biyu ne kawai, za su zo da ƙafarsu.

Litinin ɗin da ta biyo Lahadi ta biyu ta sa aka share ɗakin, aka aro kujeru uku, aka bar ƙofa a buɗe. Shiru. Wata Litinin ma shiru. Kowane takun tafiya a tsakar gida sai ta juya kai ta dubi ƙofa. Ciwon bai ci ta kamar jiran ba.

Ba wai ba su ga babu ita ba, sun gani sarai. Shugabar mata tana jiran a zo a gaya mata wa za a je dubawa, mai gaya matan kuwa ita ce a kwance. Wani ya ce ƙila ta tafi wurin ɗanta, kowa ya ɗauka ya rataya. Aka sa wata malamar makaranta, sabuwar zuwa, ta riƙe ƙofa kafin ta dawo.

Sati na tara ta lallaɓa da sanda, ta iso an riga an fara sujada. Ta rame, bakinta ya karkace. Malamar ta tarbe ta da fara'a, ta riƙo hannunta ta zaunar da ita a bencin baƙi. Maman Ƙofa ta shafa bencin da hagu, ta ji ƙura.

Can fasto ya ce baƙin da ke tare da su yau su miƙe a yi musu maraba. Malamar ta sunkuyo.

"Mama, da ke ake."

Ta so ta ƙi. Sai kuma ta dogara sandar, ta miƙe da ƙyar. Coci duka ya waiwayo da tafi, aka ɗauki waƙar maraba. Waƙar ta yi ta mutuwa benci bayan benci, har ya rage tafin malamar kaɗai. Shugabar mata ta rufe baki da hannu.

Malamar ba ta gane komai ba, baiwar Allah. Ta yi tambayar da aka koya mata.

"A ina kike zaune, Mama? Mu nan mukan je mu duba mutanenmu."

Harshen ya yi nauyi, amma har fasto ya ji.

"Ina nan inda nake tun da, 'yata. Kujerun ma ban mayar ba."