Motar da Na Cire wa Takunkumi

Edita, sallama a gare ka da masu karatu. A shekarun da zan ba da labari, ni matashi ne ɗan Aliero wanda Allah ya buɗa wa a fataucin albasa. Ina loda manyan motoci zuwa kudu, wani lokaci in bi su har bakin iyaka. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana, ya bar mu mu biyu a hannun Inna, ni da ƙanwata, wadda daga baya ta auri wani manomi mai sanyin hali a wajen Sarandosa, cikin ƙasar Maiyama. Ba na shan komai, ba na caca. Ciwona ɗaya ne, gudu. Idan mota ta wuce ni a kan titi, sai in ji kamar an zage ni.

Wata shekara da kasuwa ta yi kyau, na sayo mota 'yar Kwatano, baƙa, mai kwanciya a ƙasa, mai injin tarbo, irin wanda ake cusa wa iska da ƙarfi don ya ƙara kuzari. Sati biyu ina jin daɗinta, sannan na gano abin da ya ɓata mini rai. Duk yadda na taka totur, da allurar maleji ta kai wani layi sai motar ta ƙi ƙarawa, alhali ina jin akwai sauran ƙarfi a cikinta. Na kai ta garejin wani dattijon bakanike a Jega, wanda tun ina yaron mota nake ganinsa. Ya ce mini ba lalacewa ba ce. Akwai wani ɗan akwati a cikin motar da suke kira ƙwaƙwalwa, shi ke auna mai da iska da zafin inji, kuma waɗanda suka ƙera ta sun sa mata takunkumi a ciki don kada ta wuce iyaka. Na ce ya cire. Ya girgiza kai, ya ce ko ya iya ba zai yi ba. Ya ce an ƙera motar don ƙasa mai sanyi da mai mai kyau, mu kuma ga zafinmu ga irin man da muke samu. Wanda ya matsa mata fiye da ƙima, wata rana ƙwaƙwalwar za ta ji inji na neman ƙonewa, ta janye ƙarfin gaba ɗaya don ta ceci kanta, kuma ba za ta yi shawara da direba ba. Na yi dariya a raina, na ce tsufa ne.

Abokaina suka haɗa ni da wani mai kwamfuta da ke zuwa daga wani gari. A ƙarƙashin inuwar dalbejiya ya jona waya a gindin sitiyari, ya danne-danne, ya ce ya cire takunkumin, har ya ƙara wa tarbo matsi. Gaskiya motar ta zama wata aba. Tsakanin Aliero da Jega na riƙa ƙure maleji, yara na ihu, ni kuma kaina na kumbura. Bayan 'yan makonni wata fitila ruwan ɗorawa ta fara kamawa a gabana. Sau biyu motar ta yi sanyi a hanya kamar an riƙe ta ta baya. Na kira mai kwamfutar a waya, ya ce in kashe ta, in cire kan batir, in mayar. Na yi, ta dawo daidai. Da fitilar ta ishe ni, na manna mata baƙin salatif. Ban koma wurin dattijon ba, don kunyar abin da zai ce.

Ranar da ba zan manta ba, bazara ce, rana tsaka, ina kasuwar Jega. Mijin ƙanwata ya kira ni. Ta haihu da hantsi, an samu ɗiya mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Ya ce akwai a-kori-kurar maƙwabcinsu a ƙofar gida, za su shimfiɗa katifa a baya su kai ta Maiyama. Nan ne na yi maganar da har gobe take cina. Na ce kada su kuskura su sa mini ƙanwa a bayan motar da ke jijjiga kamar injin niƙa, su jira ni, kafin su gama ɗaure kaya na iso. Ya ce to. Yana jin nauyina, kuma duk ƙauyen sun san labarin motata.

Na ba ta wuta tun daga Jega, cikin wannan zafi da kwalta ke narkewa. Da na sauka titi na shiga hanyar ƙauye, cikinta ya riƙa dukan ƙasa, dole na rage. Lokacin da na isa, an daɗe ana jirana. Aka kwantar da ƙanwata a kujerar baya, kanta a cinyar Inna, wadda ta zo zaman haihuwa, mijin yana gefena. A asibitin Maiyama ma'aikata suka yi iya ƙoƙarinsu, suka sa mata ruwa, suka ce tana buƙatar jini da babban asibiti, mu wuce Birnin Kebbi ba tare da ɓata lokaci ba. Na bugi ƙirji na ce wannan aikina ne.

Ba mu yi nisa da Maiyama ba, na taka totur don in wuce wata babbar mota, sai na ji motar ta saki. Inji bai mutu ba, amma ƙarfin ya tafi. Na taka har ƙasa, tana tafiya kamar amalanke. Na tsaya, na cire kan batir da hannu yana ƙuna, na mayar. Ta ɗan yi gudu, ta sake sanyi. Na sake, ta sake. Babura ɗauke da buhuna suna wuce mu. Daga baya na ji muryar ƙanwata, siririya, ta ce, “Yaya, mi ya hana mu tahiya?” Na ce yanzu za mu isa. Ta ce, “Kak ka damu, Yaya. Sanyi dai nika ji.” A cikin wannan zafi take jin sanyi.

Mijinta ya fita ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Wata tsohuwar bas cike da Fulani masu dawowa daga kasuwa ta tsaya. Da suka leƙa suka gani, ba wanda ya roƙe su, suka sauka da ƙorensu da sandunansu suka bar mana kujeru. Na bar motata a buɗe a bakin hanya. Direban bas ya yi iya yinsa. Muna hango gidajen Jega na farko, Inna ta daina kiran sunanta, ta fara salati a hankali, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

A zaman makoki mutane suka riƙa yi mini sannu da ƙoƙari. Mijinta ya riƙe hannuna ya ce mota ƙarfe ce, kuma kwana idan ya ƙare ba makawa. Na yi imani da haka. Babu likitan da ya ce mini da mun isa da wuri za ta rayu, babu kuma wanda ya ce ba za ta rayu ba. A tsakanin nan nake zaune har yau. Da aka jawo motar zuwa garejin dattijon, ya ɓare salatif ɗin da farcensa, ya kalli fitilar, ya kalle ni. Sai kawai ya yi mini ta'aziyya. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Jaririyar ta rayu. Tana hannun Inna da matata a Aliero, ta fara zuwa makaranta. Inna da mahaifin yarinyar har yau sun ɗauka mota ce kawai ta lalace. Ba su san ni na sa aka taɓa ta ba, ba su san ta gargaɗe ni sau biyu ba. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa, sai in fasa.

Na koyi cewa ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke mai ganganci. 'Yan'uwana matasa masu shigo da irin waɗannan motoci, iyakar da aka sa musu ba don a raina ku ba ne. Idan fitila ta kama, ku nemi masani, kuma ku saurari wanda ya ce muku a'a. Fiye da komai, idan mace na zubar da jini, ko amalanken shanu ne a ƙofar gida, a ɗora ta a kama hanya, kada a jira kowa. Ni aka jira. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ƙanwata a addu'a, ni kuma ya roƙa mini ƙarfin halin da zan zauna gaban mahaifiyata in gaya mata gaskiya tun tana raye.