Bayan Hannun Kawu

Jiya lasifikar maƙwabta ta yi irin gurnanin nan, na tuna Kawu.

Shi yake ɗaukar kiɗan maigidana a kaset, a wani sito a Sharada, da makirufo mai araha da yake kwantarwa kan matashin kai cikin babbar ganga. Makirufon yana jan mutum da lantarki, shi ya sa Kawu yake fara gwada shi da bayan hannunsa.

Wata rana da damina, siminti a jiƙe, maigidana ba takalmi ya miƙa hannu zai gyara shi. Kawu ya ce, "Dakata, kai yaranka ƙanana ne." Yana taɓawa lantarki ya maka shi da ganga. Ƙaurin fata ya cika hancina. Sai da Kawu ya yi tari sannan na iya numfashi. Ya tsira a ranar, sai daga baya ya rasu.

Allah Ya tsare shi a kabarinsa yadda ya tsare min uban 'ya'yana.