Motar da Na Tura a Ƙofar Gida

A shekarun da ake ta maganar Faransawa za su tafi, aka mai da ni koyarwa wata lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram. Inna kuwa tana Matameye, ƙafafunta sun kumbura, ta kuma ce ba mai ɗaga ta daga ɗakin da mahaifina ya bar ta. Idan ina son ganinta ran Asabar sai in tsaya bakin hanya jiran kamyon gyaɗa, babbar motar kaya, shi kuma kamyon gyaɗa bai san Asabar ba. Wata biyu a jere ban taka gida ba. Na ce mota zan saya, ko da tsohuwa ce.

Labari ya kai kunnen Kawu Alhaji, wan Inna, mai cin rani a Kano. Da damina ta kawo jiki sai ga shi da wata baƙar mota, doguwa, mai hanci kamar na jirgi. Sitiyarinta a dama yake, irin na ƙasar Ingilishi, inda suke bin hagun hanya.

"Ga motarka nan, Mushe," in ji shi. Mushe ake ce wa malaman lakwal, amma a bakin Kawu kalmar takan fito da ɗan gishiri.

Na ce, "Kawu, mu nan dama muke bi. In zan wuce kamyo, yaya zan ga mai zuwa?"

"Wa ke bin dama? Kowa tsakiya yake bi."

Gaskiyarsa ce, ban ja ba. Na tambaye shi shan manta. Ya ce mutumin kirki ba ya tambayar abin da baƙonsa zai ci.

Akwai wata kuma, ta wani likita Bafaranshe mai shirin komawa gida: 'yar ƙarama, toka-toka, rufinta na tanti, tana tafe tana rangaji. Yaran gari sun sa mata suna Agwagwa. Isansi, wato fetur, da ta Kawu za ta shanye kafin garin Kance da ke nan kusa, ita zai kai ta Damagaram har da saura. Amma ba wannan kaɗai na duba ba. Na san hanyar. Akwai wuraren da yashi ke kama ƙafar mota, kuma ban taɓa ganin motar da ba ta kafe ba, har ta kumandan. Ni kaɗai zan riƙa tafiya. Saboda haka tambayata ita ce, in ta tsaya a daji, wacce zan iya fitarwa da ƙarfina?

Na roƙi likita ya kawo tasa ƙofar gidanmu, aka jera ta da ta Kawu. Mutanen da suka taso daga La'asar suka tsaya kallo, suna jiran in shiga in murɗa makulli. Sai na cire takalmi, na naɗe wando, na zagaya bayan baƙar na kafa kafaɗa. Na yi nishi har hulata ta faɗi. Ko gezau. Na koma bayan Agwagwa, na tura, ta tafi kamar da ma jira take.

Wani maƙeri ya ce, "Ashe boko har da dako ake koya muku!"

Aka kwashe da dariya. Kawu bai yi ba.

"Mota ake saya don a hau," ya ce. "Kai ka zo kana zaɓen wadda za ka tura. A gaban jama'a za ka mayar mini da hannu?"

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Motarka ta manya ce, masu mutum goma a bayansu. Ni ba ni da kowa a baya sai ni."

"To in ka sayi wannan kwanon, kada ka ajiye shi ƙofar gidan ƙanwata."

Na ce, "Nan zan ajiye ta, Kawu, kowace Asabar in Allah ya yarda." Ban ɗaga murya ba. A lakwal an koya mana cewa jimla ba ta buƙatar ihu in ta cika.

Na sayi Agwagwa. Amma a garinmu ba a fara hawa sabon abin hawa sai babba a dangi ya sa albarka, an raba goro. Na aika wa Kawu goronsa, ya dawo da shi a ƙulle. Liman ya ce ba zai shiga tsakanin mutum da ɗan ƙanwarsa ba. Motar ta kwana ta wuni a ƙofar gida, awaki na shan inuwarta, ni kuma Litinin ina da aji.

Ran Lahadi da hantsi na ji ana jan ƙafa a zaure. Inna ce, dafe da bango, ita da ta yi watanni ba ta leƙa waje ba. Ta dubi motar sama da ƙasa.

"Wannan ce Yaya yake fushi a kanta?"

"Ita ce, Inna."

"Ba ta da kyau."

"Ba ta da shi."

"Za ta kawo ka?"

Na ce za ta kawo ni, ko ni in kawo ta.

Ta ɗora tafinta a kan rufin tantin, ta yi addu'a mai tsawo, maƙwabta suka shafa. Sannan ta juya ga matan da suka leƙo, ta ce a kai wa Yaya tuwonsa na rana kamar kullum, a kuma gaya masa ita ta sa albarkar, in da magana ya zo ya same ta.