Akuyar Iya da Turkenta

Ina da shekara tara na faɗo daga kan tsamiyar bayan gidanmu a Zango, ƙafar hagu ta karye. Mai ɗori ya zo ya ja ƙashin ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure da tsumma, ya ce kada in taka sai ya dawo. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Ƙarshen damina ne. Duniyata ta koma faɗin tabarma, da ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan asabari, da muryoyin yara masu wucewa gona.

Kawu Sale, malamin firamare, ya kawo mini littattafan labarai daga tsohon akwatinsa na ƙarfe. Takardunsu sun yi ja don daɗewa. Ya ce waɗanda suka rubuta su sun jima da rasuwa, amma su suka raine shi, suka raini malamansa. Na so su ƙwarai, har yau ina son su. A wurinsu na fara sanin cewa jimla ma tana da zaƙi. Sai dai yaran cikinsu iri biyu ne kawai. Akwai mai jin magana, mai zama inda aka ajiye shi, shi ke samun alheri a shafin ƙarshe. Akwai kuma mai ƙiriniya, wanda ke ƙarewa da kuka. Na dubi ƙafata a cikin karare, na gane ko wace ce ni a cikinsu.

Daga ranar na daina ƙorafi, na daina tambayar yaushe zan fita. Masu zuwa dubiya suka riƙa cewa, "Dije ta yi hankali, ko motsinta ba a ji." Maganar ta riƙa yi mini daɗi kamar zuma.

Bayan mako shida mai ɗori ya dawo ya kwance. Ya ce ƙashi ya haɗe, amma lallai in riƙa takawa kullum, in ba haka ba jijiya za ta sandare, in zauna da ɗingishi. Na ƙi tashi. Ba ciwo nake ji ba. A kan tabarma ni ce yarinyar kirki, a waje kuwa tsamiya tana nan, da waccan Dijen da ta hau ta. Kwana biyar ana lallashi, mahaifiyata har da hawaye.

Ran na shida, bayan sallar isha'i, Iya ta hura wuta a bakin ƙofa tana gasa sabuwar gyaɗa. Ita ba ta yin tatsuniya da rana, ta ce mai yin haka ɓata yake yi a daji.

"'Yar boko, ajiye malaman nan naki su huta. Ga wata nan tafe, a ba ta hanya."

Na ce, "Ta shigo mu ji."

Ta ce an yi wata akuya, da damina ta faɗi aka ɗaure ta a turke kamar yadda ake ɗaure kowace dabba, don kada ta shiga gonar mutane. Sauran awaki suna fizgar igiya suna kuka, ita ko shiru. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Ga akuyar kirki, ba ta ɓarna." Ta riƙa cin yabon nan har ya fi mata dusa daɗi. Aka yi girbi, aka kwashe amfani, aka saki dabbobi su yi kiwo a gonaki. Aka kwance mata igiya ita ma. 'Yan uwanta suka bazama, ita kuwa ta ci gaba da zagaya turke, iyakar tsawon igiyar da babu ita, tana lasar ƙasar da ta riga ta tattake.

Iya ta tsaya a nan, ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

"Sai me, Iya?"

"Sai me kuma? Ni ba littafi ba ce da za ki buɗe bayana ki leƙa. Ƙarshen yana bayan ɗaki. Mai ƙafa ya je ya gani."

"Ki faɗa mini mana."

"Haƙorana uku, ba zan ƙarar da su a kan mai lafiyar ƙafa ba. Na rufe bakin tatsuniya, kowa ya nemi makwancinsa."

Da safe na daure har hantsi, sannan na dafa bango na miƙe. Ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Taku goma sha biyu ne zuwa bayan ɗaki, na yi su ina haki. Ga turke, ga igiya yashe a ƙasa, ƙofar baya a buɗe, ga jar akuyar Iya kwance jikin turken tana tuƙa. Na ɗauki kara na kore ta. Ta yi taku uku, ta juyo ta kwanta inda take.

Ta bayana na ji Iya tana dariya. "Bar ta, ita ta saba. Ke dai kin fito."

Ƙafa ta warke sarai, ko ɗingishi babu. Amma ban sake hawa tsamiya ba, ban kuma sake musu da kowa ba. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Daura, kuma har yau abin da ake faɗa a kaina ke nan: Malama Dije ba ta da matsala. Idan na ji, wani lokaci sai in tuna jar akuya. Ban ga laifin tsofaffin marubutan nan ba, sun so mu zama mutanen kirki, sun kuma ɗaure mu da damina don kada mu yi ɓarna. Abin da ba su rubuta ba shi ne ranar kwancewa.

Littattafan Kawu suna hannuna, ina karanta wa 'yan aji uku su. Makon jiya, da na iso shafin ƙarshe, sai na rufe littafin. Wata yarinya mai tabo a gwiwa ta ɗaga hannu.

"Malama, sai me?"

Na dubi ƙofar aji, a buɗe take. Na ce mata, "Ke za ki faɗa mini."